Sirrin bayanan lasisin tuƙi a Najeriya

Sirrin bayanan lasisin tuƙi batu ne da ya shafi yadda ake karɓa, adanawa da amfani da bayanan da mutum yake bayarwa kafin a ba shi lasisin tuƙi, da kuma bayanan da ake bugawa a jikin katin. A Najeriya lasisin tuƙi yana cikin katunan shaida da aka fi karɓa a bankuna da ofisoshi, tare da fasfo, katin zaɓe da takardar shaidar ɗan ƙasa. Saboda haka katin da aka yi shi domin titi ya zama abin da ake nunawa ko a bar kwafinsa a wurare da dama da ba su da alaƙa da tuƙi. A manyan wuraren ciniki irin su Kasuwar Sabon Gari da ke Kano, kwafin lasisi yakan bi ta hannun masu shagon kwamfuta, masu POS, masu ba da ababen hawa da dillalai. Tun daga 2023 akwai dokar tarayya da ta tsara yadda za a riƙe irin waɗannan bayanai, ko suna cikin kwamfuta ko suna kan takarda.

Tarihi

Kafin a samu tsari na bai ɗaya, kowace jiha ita ke ba da nata lasisin, kuma babu wani rumbun bayanai da ya haɗa su. Direban da aka ƙwace wa lasisi a wata jiha yana iya zuwa wata ya karɓi sabo. A watan Fabrairun 1988, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, kuma Farfesa Wole Soyinka ne ya fara shugabantar ta. Cikin 'yan shekaru hukumar ta fito da tsarin lasisi iri ɗaya ga dukkan jihohi. Dokar da take aiki da ita a yanzu ita ce ta 2007.

Babban sauyi ya zo ne a watan Satumban 2011, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da sabon lasisi da sabbin lambobin mota, a zamanin da Osita Chidoka ke jagorantar hukumar. Daga nan ya zama dole mai neman lasisi ya je da kansa a ɗauki hotonsa, zanen yatsunsa da sa hannunsa, a ajiye su a rumbun bayanai na ƙasa. A ƙarshen 2020 hukumar ta sanar cewa ba za a ƙara yi wa kowa lasisi ko sabunta shi ba sai ya kawo lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN, mai alƙaluma 11, wadda hukumar NIMC ke bayarwa. A daidai lokacin ne kuma gwamnati ta ba da umarnin haɗa layukan waya da lambar NIN, lokacin da Isa Ali Ibrahim Pantami yake ministan sadarwa.

Bayanan da ake karɓa

Ana iya raba bayanan lasisi gida uku.

Na farko su ne waɗanda ido ke gani a jikin katin: cikakken suna, hoto, adireshin gida, ranar haihuwa, jinsi, tsayi, rukunin jini, ko mutum yana da zane a fuska, ko yana sa tabarau, lambar lasisi, ajinsa, ranar bayarwa da ranar ƙarewa, da sa hannu. A bayan katin akwai alamar da na'ura ke karantawa.

Na biyu su ne waɗanda ake cikewa a fom lokacin nema, kamar lambar waya, jiha da ƙaramar hukumar asali, sunan mahaifiya na gidansu, da lambar wayar makusanci wanda za a kira idan wani abu ya faru.

Na uku su ne bayanan halittar jiki, wato zanen yatsu da hoton fuska da ke cikin rumbun hukuma. Waɗannan sun bambanta da sauran domin ba a canza su. Mutum zai iya sauya lambar waya ko ya tashi daga unguwa, amma zanen yatsunsa yana nan har ƙarshen rayuwarsa.

Kowane bayani yana da dalilinsa ta fuskar kiyaye haɗari. Rukunin jini da lambar makusanci suna da amfani idan an kai wanda ya ji rauni asibiti ba ya cikin hayyacinsa, hoto da tsayi kuma suna tabbatar wa jami'i cewa mai katin ne ke riƙe da shi. Damuwar tana tasowa ne idan duk bayanan suka faɗa hannun wanda abu guda kawai yake buƙatar sani. Mai shagon da yake son tabbatar da sunan abokin cinikinsa, idan ya ɗauki hoton katin, ya tafi har da adireshinsa da ranar haihuwarsa da sa hannunsa.

Hukumomin da ke riƙe da bayanan

Ɓangarori uku ne ke aikin ba da lasisi. FRSC ce ke ɗaukar bayanai, ta buga katin, ta kuma kula da rumbun ƙasa. Jami'an duba ababen hawa na jiha, wato VIO, su ke gwada direba. Hukumar tattara kuɗaɗen shiga ta jiha ita ke karɓar kuɗi ta kuma miƙa katin. A Kano ita ce KIRS. Ga mai neman lasisi karon farko akwai kuma makarantar koyon tuƙi da FRSC ta amince da ita, wadda ita ma tana shigar da bayanansa. Shekarun da doka ta yarda a fara neman lasisi su ne 18, kuma ana yin sa na shekara 3 ko 5. A tsarin da aka saba bi, bayan ɗaukar hoto akan ba da lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin ya fito.

Bayan waɗannan akwai masu tantancewa. Bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi na intanet suna bi ta wasu kamfanoni masu izini domin su tabbatar cewa lambar lasisi ko NIN da aka kawo musu ta gaskiya ce. Waɗannan kamfanoni su ma suna da nasu wakilan. Duk lokacin da aka ƙara wani a wannan jeri, an ƙara ƙofar da bayani zai iya fita.

A Kasuwar Sabon Gari

Kasuwar Sabon Gari, wadda sunanta a hukumance shi ne Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, tana cikin ƙaramar hukumar Fagge. Unguwar ta samo asali ne a farkon shekarun 1910, bayan layin dogo ya iso Kano, a matsayin mazaunin baƙin da suka zo aiki da kasuwanci. Tana kusa da Kasuwar Singa da Kantin Kwari, kuma 'yan kasuwa daga jihohin Arewa da Kudu da Jamhuriyar Nijar suna sari a yankin. A ciniki irin na da, sanayya ita ce shaida: dillali ko mai masauki shi ke tsaya wa baƙo. Yawan jama'a da shigowar hada-hadar kuɗi ta waya sun sa katin shaida ya karɓi wani ɓangare na wannan aiki.

Hanyoyin da lasisi ke barin hannun mai shi a irin wannan wuri sun haɗa da:

Cike fom. Neman lasisi da sabunta shi ana fara su ne a intanet. Direbobi da yawa ba sa cikewa da kansu, sai su je shagon kwamfuta ko su ba wani dillali. Bayanan sukan zauna a cikin kwamfutar shagon ko a wayar dillalin bayan an gama aiki.

Fotokwafi. Kwafin da bai fito da kyau ba sau da yawa ana jefa shi a kwandon shara ba a yaga ba, kuma tsoffin takardu sukan koma hannun masu ƙunshe kaya.

Ba da abin hawa. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, Adaidaita Sahu ta zama babbar hanyar sufuri a birnin. Da yawa daga cikin matuƙan ba su ne masu mashin ɗin ba. Suna kai balas ne ko suna biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasu. Mai mashin yakan riƙe kwafin katin shaidar matuƙi da na wanda ya tsaya masa. Haka ma mai kaya yakan ɗauki hoton lasisin direban da zai kai masa lodi wani gari.

Harkar banki. Buɗe asusu, karɓar na'urar POS da gyaran asusun da ya samu matsala duk suna buƙatar katin shaida, kuma wakilai a cikin kasuwa kan ɗauki hoton katin da wayarsu su tura ta WhatsApp.

Tsayarwa a titi. Jami'an FRSC, VIO, 'yan sanda da na KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, suna aiki a titunan da ke kewaye da kasuwar. A 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Owerri ta yanke hukuncin cewa ƙwace lasisin direba da jami'an FRSC suka yi ba tare da hujjar doka ba take haƙƙinsa ne.

Mafi yawan waɗannan buƙatu suna da dalili mai ma'ana, domin wanda ya ba da mashin ko ya ɗora kayan miliyoyi a mota yana da haƙƙin sanin wanda ya damƙa wa. Abin da ba a cika tsayar da shi ba shi ne tsawon lokacin da za a riƙe kwafin, inda za a ajiye shi, da abin da za a yi da shi idan huldar ta ƙare.

Illolin da ke tattare

Sojan gona. Da kwafin lasisi da lambar waya, ɗan damfara zai iya ƙoƙarin buɗe asusu ko karɓar bashi a manhaja da sunan wani. Idan aka bi sawun kuɗin sata, sunan mai katin ne zai fara bayyana. A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi game da matasan da ke sayen bayanan NIN da BVN daga hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar domin a buɗe asusun da ake wuce da kuɗin zamba.

Yaudara ta waya. Mai kira da ya ambaci cikakken suna, ranar haihuwa da unguwar mutum ya fi saurin samun amincewarsa idan ya ce daga banki yake. Sunan mahaifiya da ranar haihuwa suna cikin tambayoyin da bankuna ke tabbatar da mai asusu da su.

Tona adireshi. Ga ɗan kasuwar da aka san yana riƙe kuɗi, ko macen da wani ke bibiyarta, fitar adireshin gida batu ne na tsaron rai.

Haɗewar rumbuna. Da yake NIN tana haɗe da lasisi, layin waya da asusun banki, wanda ya samu ɗaya yana iya bin ta ya kai ga sauran. A watan Disamban 2023 Babban Bankin Najeriya ya wajabta haɗa asusu da BVN ko NIN, ko duka biyun gwargwadon matakin asusun. Ita BVN an ƙaddamar da ita ne a watan Fabrairun 2014, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi yake gwamnan bankin.

Abubuwan da suka faru

A watan Maris na 2024 cibiyar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta ruwaito cewa wani shafi mai suna XpressVerify yana fitar da bayanan NIN na 'yan Najeriya ga duk wanda ya biya naira 200. A watan Yunin shekarar kuma ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa shafin AnyVerify yana sayar da bayanai a kan naira 100, kuma lasisin tuƙi yana cikin jerin abin da yake tallatawa, tare da NIN, BVN, fasfo da katin zaɓe. Domin kafa hujja, ƙungiyar ta ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani da ta shugaban hukumar kare bayanai Vincent Olatunji. NIMC ta musanta cewa an yi wa rumbunta kutse, ta kuma ce shafukan ba su da izininta.

Hukumomi sun taɓa hukunta kamfanoni a kan bayanan jama'a. A 2021 NITDA ta ci kamfanin ba da bashi na Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayar waɗanda yake bi bashi. A watan Agustan 2024 hukumar NDPC ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity, bayan koken wani da ya ce an yi amfani da bayanansa wajen buɗe asusu ba da yardarsa ba. Bankin ya musanta cewa ya karya doka.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin 'yan ƙasa, gidajensu, wasiƙunsu da hirarsu ta waya. A watan Janairun 2019 NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai na farko. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, wato NDPC.

Manyan tanade-tanaden dokar da suka shafi lasisi su ne:

A karɓi bayani domin wata manufa bayyananniya, kada a juya shi zuwa wata daban.
Kada a karɓi fiye da abin da manufar ke buƙata, kuma kada a riƙe shi bayan buƙatar ta wuce.
Bayanan halittar jiki, lafiya, ƙabila da addini suna cikin masu buƙatar kariya ta musamman.
Mai bayani yana da haƙƙin sanin abin da aka riƙe a kansa, neman a gyara ko a goge, da janye yardarsa.
Idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, dole a sanar da hukumar cikin awa 72.
Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100.

Dokar ba ta tsaya a kan kwamfuta kaɗai ba, ta haɗa da bayanan da ke kan takarda. Ke nan mai shagon fotokwafi da mai ba da mashin haya suna ƙarƙashinta idan suna riƙe bayanan mutane domin sana'a. Ta keɓe abin da mutum ya ajiye domin harkar kansa ko ta gidansa, ta kuma sassauta wa hukumomin tsaro a wajen binciken laifi da tsaron ƙasa. Baya ga haka, sashe na 22 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗauri ko tara ga wanda ya yi sojan gona da bayanan wani.

A wasu ƙasashe

A Amurka batun ya ɗauki hankali ne a 1989, lokacin da wani mai bibiyar 'yar wasan fim Rebecca Schaeffer ya harbe ta a ƙofar gidanta a Los Angeles. Ya samu adireshinta ne ta hannun wani mai bincike mai zaman kansa da ya ciro shi daga ofishin lasisi na jihar Kalifoniya. A 1994 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta taƙaita fitar da bayanan direbobi, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 2000. A 2019 an gano cewa hukumar FBI da ta shige da fice suna bincika hotunan lasisi na wasu jihohi da manhajar gane fuska ba tare da sanin direbobin ba.

A Ostareliya, kutsen da aka yi wa kamfanin sadarwa na Optus a watan Satumban 2022 ya shafi kusan mutum miliyan 10, kuma lambobin lasisin wasu daga cikinsu sun fita, har jihohi suka shiga sauya wa mutane katuna. A can ma ba ofishin lasisi aka kutsa ba, kamfanin da ya ajiye bayanan abokan cinikinsa ne.

A Jamhuriyar Nijar an yi dokar kare bayanai a 2017, wadda ta kafa hukumar HAPDP. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da nata tsarin a 2010, Tarayyar Afirka kuma ta amince da yarjejeniyar Malabo a 2014, wadda ta fara aiki a 2023.

Muhawara

Masu goyon bayan haɗa lasisi da NIN suna cewa hakan ya toshe hanyar mallakar lasisi biyu da sunaye daban-daban, ya rage jabu, ya kuma sauƙaƙa gano direban da ya yi ɓarna ya gudu. Suna ƙarawa da cewa a baya INEC, hukumar shige da fice, bankuna, kamfanonin waya da FRSC kowa yana ɗaukar zanen yatsu nasa daban, wanda ɓarnar kuɗi ce.

Masu suka, musamman ƙungiyoyin kare haƙƙin masu amfani da intanet, suna cewa an fara tara bayanai shekaru da dama kafin a yi dokar kare su, kuma sa ido a kan masu tantancewa bai kai girman bayanan da aka damƙa musu ba. Akwai kuma batun wayar da kai, domin yawancin bayanin dokar da fom ɗin koke da Turanci suke, alhali direbobi da ƙananan 'yan kasuwa da yawa a Kano Hausa suke karantawa, da boko ko da ajami.

Matakan kariya

Shawarwarin da aka fi bayarwa ga masu lasisi sun haɗa da nuna katin a duba ba tare da barin a ɗauki hotonsa ba idan hakan ya wadatar; rubuta dalili da kwanan wata a kan fuskar kwafin da za a bari, domin kada a sake amfani da shi a wani wuri; karɓar kwafin da ya lalace a shagon fotokwafi; tabbatar da an goge fayil daga kwamfutar shago; da guje wa saka hoton kati a Facebook ko zaurukan WhatsApp, ko da katin tsintuwa ne ake cigiyar mai shi. Wanda lasisinsa ya ɓata yana kai rahoto wurin 'yan sanda ya kuma nemi a sake masa wani, domin rahoton zai zame masa hujja idan aka aikata laifi da katin. Wanda aka yi amfani da bayanansa ba da izininsa ba yana iya kai koke ga NDPC ko ya shigar da ƙara a kotu ya nemi diyya.

Duba kuma

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa
Lambar shaidar ɗan ƙasa
Kasuwar Sabon Gari
Adaidaita Sahu
KAROTA